Mabuɗin Baba Kafinta

Baba Kafinta yana da mabuɗi a aljihu, amma ba shi da ƙofar da zai buɗe da shi. Shekara biyu ke nan yana raɓe a ɗakin 'yarsa can bayan gari, kuma har yau in ya tashi da safe sai ya laluba aljihu ya ji mabuɗin yana nan.

Allah sarki, tsohuwar unguwa! Shekara arba'in da ɗaya ya yi a cikinta. Lokacin da ya zo juji ce da kwatami. Shi da maƙwabtansa suka cike ramuka, suka ja famfo, suka dasa bishiyar da yake sassaƙa katako a ƙarƙashinta. Kusan kowace ƙofa a unguwar daga hannunsa ta fito. Wadda ya fi ji da ita kuwa tasa ce, katako mai kauri da ya goge har yana sheƙi. A bayanta akwai zane-zanen da marigayiya matarsa take yi da ƙusa duk shekara, tana auna tsayin 'ya'yansu.

Wata rana hukuma ta liƙa takarda cewa za a tashi unguwar. Maƙwabciyarsa ta layin baya, Goggo Tela, mai keken ɗinki, ta tara jama'a a gindin bishiya. Ta zo da baƙi mata biyu daga wata ƙasa ta ƙetaren teku, waɗanda aka taɓa rushe musu tasu unguwar. Babbar cikinsu tsohuwa ce tukuf, da mabuɗi rataye a wuya.

Ta bakin tafinta tsohuwar ta ce, "Ranar da suka zo mana, takardarsu cewa ta yi fili ne babu kowa, mu kuma ba mu da abin nunawa. Kada ku yi kuskurenmu. Ku ƙirga kanku, ku sa lamba a kowace ƙofa, kowane iyali ya ɗauki hoto a bakin gidansa. Mu za mu kai sunayenku ƙasa-ƙasa har a ji ku."

Baba Kafinta, mutum ne mai barkwanci, ya nuna wuyanta ya ce, "Iya, mabuɗi ba ƙofa? Ki zo in yi miki ɗaya kyauta!" Aka kwashe da dariya. Ita dai ba ta yi ba, ta damƙe mabuɗinta kawai.

Washegari Goggo Tela ta iso da gwangwanin jan fenti. "Yaya, saura layinku. Da ƙofarka zan fara sa lamba."

"Jan fenti a ƙofata? Ke ƙanwata, lafiyarki kuwa? Kwana tara na yi ina goge katakon nan!"

"To a rubuta a bango."

"Ko a bangon ban yarda ba. Mutanen da ko sunanmu ba su iya faɗa ba, su ne za su tare katafila? Shekara arba'in ina nan, wa bai san ni ba?"

"Takarda ba ta san ka ba, Yaya."

Ya juya mata baya ya ci gaba da aikinsa. Da yake shi ne dattijon layin, gidaje goma sha ɗaya suka bi bayansa, suka ce su ma ba a taɓa musu ƙofa.

Abin da ya raina kuwa ya yi aiki. Wasiƙu suka riƙa sauka a ofishin hukuma daga ƙasashen da Baba Kafinta bai taɓa jin sunansu ba. Wata lauya ta ɗauki jerin sunaye da hotuna ta kai kotu, kotu ta ce kada a taɓa duk gidan da ke cikin jerin. Layinsa ba ya ciki. A takarda, fili ne babu kowa.

Ranar wata Talata da hantsi katafila ta shigo layin. Baba Kafinta ya ɗaga hannu yana roƙon direban, "Ɗana, don Allah bari in cire ƙofar!" Aka ba shi minti biyar. Sai dai shi da kansa ya kafa ta da dogayen ƙusoshi don kada ɓarawo ya iya ɓalle ta. Biyu kaɗai ya zare aka janye shi. Yana ji yana gani katakon ya tsage, zanen matarsa ya shige ƙarƙashin ƙasa. Iyalai goma sha ɗaya suna tsaye da kayansu a ka suna kallonsa kawai. Wallahi da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi.

Makon jiya Goggo Tela ta kai masa ziyara, riƙe da wasiƙa. Wata unguwa ce a wata ƙasa za a tasa, mutanenta suna neman wanda zai faɗa musu abin da ya gani.

Ya dubi wasiƙar, ya ce, "Tsohuwar nan mai mabuɗi, tana nan? Ina son in roƙe ta gafara."

"Ta rasu bara, Yaya. Amma har ta kwanta ciwo tana tambaya ko mai ƙofar nan ya tsira."

Hawaye suka zubo masa. Ya ciro mabuɗin, ya ce ta ba shi zare mai ƙarfi. Ya zura shi, ya rataya a wuya, ya ce, "Ɗauki biro ki rubuta musu. Ki fara da dariyar da na yi."

Jama'a, kada mu raina hannun da aka miƙo mana don ya fito daga nesa. Wanda aka rushe wa gida ɗan'uwanmu ne ko a wace ƙasa yake. Mu saurare shi tun ƙofarmu tana tsaye, mu kuma tsaya masa in tasa ranar ta zo.