Koren Ulu a Tsakiyar Hula

Sati uku ke nan da kafintan layinmu ya kai wa wata maƙwabciyarsa mai saƙa dunƙulen koren ulu, ya ce, "In kin amince da ni, ki sa shi a aikinki." Tun ranar ulun ke kwance a gindin kwando, bawan Allah har ya rame.

Yau ya same ta a ƙofar gida tana saƙa baƙar hula. Ya ɗosana a bakin benci.

"Ta yayanki ce?"

Ba ta ɗago ba. Da hular ta kai rabi, sai ta yanke baƙin zaren, ta lalubo koren, ta ja shi da kwarashi cikin madaukin ƙarshe.

Ya zuba wa koren ido. "Ai yayanki ba ya son kore."

"Malam, kan Yaya ya kai girman nan?" Ta kifa masa hular a kai, zare na reto. "Tsaya in gwada. Wannan kan naka sai ya cinye dunƙule biyu."

Baki har kunne ya ce, "Gobe goma zan kawo!"