Koren La'asar

"Ke, cire fitilun nan. Gidan makoki ne, ba gidan biki ba," in ji Kawu.

Yayana ne ya liƙa su a ɗakin Inna kafin hatsarin hanyar Maƙarfi. Da wayarsa yake gauraya ja da kore da shuɗi, su ba da kalar da yake so. Wayar ta ƙone tare da motar.

Na hau kujera. Kafin in taɓa su, ɗakin ya koma kore shar.

Inna, wadda ta daɗe da kurumcewa, ta ɗauki buta.

"Bar su, 'yar nan. Da su yake gaya mini lokacin salla."

Sai muka ji ladan ya fara.