Tukwanen Hajiya Khairiyya

"Ba za ki durƙusa ki yi godiya ba? Hoto fa ake ɗauka!"

Hajiya Khairiyya ke nan, matar Alhaji Mijinyawa dillalin kasuwar Makarfi, take daka wa Hajo tsawa. Hajo 'yar gudun hijira ce, 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu, aka zube su a ajin firamare nan Kudan. Ni gaisuwa ta kai ni, ba gulma ba.

Taimakon tukwane Hajiya ta kawo, ta sha gwal har wuya, ƙanwarta na biye da waya.

"Daga ɗakina na kwaso su, tun na aurena! Ki gode, ko in ɗauke kayana ki dafa wa 'ya'yanki tuwo a tafin hannu!"

Sai Hajo ta kifa tukunyar da aka miƙa mata. Kun san mu matan ƙauye, kowa da shaidar da take yi da fenti a gindin tukunyarta, kada ta ɓace a gidan biki.

Hajo ta ce, "Hajiya, wannan shaidata ce. Ranar da aka kore mu, da miya a ciki na baro ta."

Sai sauran mata suka shiga kife nasu. Wannan ta ce tata ce, waccan ta ce ta marigayiya uwarta ce.

Na gyara zama na ce wa Hajiya, "'Yar nan, shi Alhaji a hannun su wa yake sarin kaya ne?"

Sakaryar ƙanwar tana ta ɗaukar hoto. Hajiya ta fizge wayar, ta fice, ta bugo ƙofar ajin, garam!