Ƙullin Daƙiƙa Biyar

Daƙiƙa biyar kacal na ɗaure igiyar, don in goge ruwan da ya rufe mini tabarau.

Tun ina 'yar shekara tara Baba yake nanata mini doka guda: igiyar babban ƙyallen iskan nan da ke kumbura a goshin jirgin ruwa a hannu take zama, ba a ɗaure ta. In iska ta yi ƙarfi, sai a saki.

Mu ne kan gaba a tseren jirage na ranar, Baba na tuƙi, dogayen benayen Chicago har sun fara bayyana, sai iska ta doko. Na kai hannu in saki, ƙulli ya cije. Jirgin ya kwanta a gefensa, ƙyallen ya yage, yayana ya bugu da ƙarfe har kafaɗarsa ta goce.

A bakin tafki abokan Baba suka yi masa caa. "Tsoho, tuƙi kake ko gyangyaɗi?"

Ya yi dariya. "Hannu ne ya tsufa. Ni na karkatar da jirgin."

Na bar shi ya ɗauki laifin. Daga ranar bai sake riƙe sitiyari ba, mutumin da ya shekara arba'in a kan ruwa.

Shekara shida maganar tana cina. Jiya, ina tura shi a keken guragu a harabar gidan kula da tsofaffi, na ce, "Baba, ranar nan, ni ce na..."

"Na sani, 'yata," ya ce, idonsa na kan tafkin. "Wa kike zaton ya kwance ƙullin kafin a gani?"