Karnukan Azariya

Angelina ta tsaya gaban teburin Mijinyawa mahauci a kasuwar Kafanchan, tana nuna abin da ba kowa ke nunawa ba: huhu, maƙogwaro, guntun tumbi, da ƙasusuwan da wuƙa ta riga ta yi wa aski.

"Madam, baƙi aka yi ne?"

"Ba na mutum ba ne, Malam. Na kare ne."

Ya ƙara mata gyara, bai ƙara tambaya ba. Kaf layin mahauta babu wanda bai san matar Azariya ba, manomin cittar nan da ya fita duba gonarsa ta bayan Godogodo a farkon damina, shi da karnukansa biyu, har yau shiru kake ji.

Nema kam an yi. 'Yan sintiri sun shiga daji, matasan coci sun bi rafi har inda ƙafa ta gaza, ko hularsa ba a tsinta ba. Wasu suka ce masu garkuwa ne, amma babu wanda ya bugo waya. Masu bakin da ba ya gajiya suka ce gudu ya yi don citta ta ruɓe masa. Da fasto ya fara kewaye-kewaye a kan a yi sujada a miƙa shi ga Ubangiji, Angelina ta ce ita ba za ta yi wa mai rai makoki ba.

Ba taurin kai ba ne kawai, tana da hujja. Bayan kowa ya fid da rai, wata safiya ta buɗe ƙofa ta tarar da Duna da Kyauta a kwance a bakin zaure. Sumul suka dawo, gashi na sheƙi, ko haƙarƙari ɗaya bai fito ba. Karnukan da ko ƙadangare ba su iya kamawa, 'yan gata da aka raina kamar 'ya'yan fari! To wa ya ciyar da su duk tsawon wannan lokaci in ba mai su ba? Yana nan da ransa a wani wuri, shi ya koro su gida su tsare ta. Da wannan take kwana, da shi take tashi.

Sai dai tun da suka dawo suka juya wa tuwo baya. Azariya da hannunsa yake tuƙa musu na masara, ya zuba romon kai, bai taɓa yarda ɗanyen abu ya shiga bakinsu ba. Cewa yake kare in ya ɗanɗani jini, kajin unguwa sun shiga uku. Ita ma haka ta ci gaba da yi, ga masara ta yi tsada, gawayi ya fi ta. Su sunsuna kwanon, su koma gindin mangwaro su zuba wa ƙofa ido. Ta ce kewa ce. Ita ma ai ba cin kirki take yi ba.

Suka fara zubewa, tsoro ya kama ta. Idan mutumin nan ya shigo gobe ya tambayi karnukansa, da wane baki za ta ce sun mutu a hannunta?

Patrick, likitan dabbobin da suke ƙungiyar mawaƙa tare a coci, shi ya ba ta shawarar ta gwada ɗanye. Tarkacen kwata ya fi tuwo araha, kuma babu ruwanta da hura wuta. Amma ya ja mata kunne: karen da ya tashi da dafaffe ba ya gane ɗanyen nama abinci ne. Zai yi ta wasa da shi, ya ja shi cikin ƙasa, in ma ya haɗiya ya amayar. Sai a hankali. Ya ce zai zo da kansa ya ga farawar.

Da la'asar, Patrick na tsaye a gefe, ta shimfiɗa huhun a kan tsohon faranti, ta ja da baya.

Babu wanda ya yi wasa. Duna ya miƙe, ya tako a hankali, kunnuwa a kwance, wutsiya tsakanin ƙafafu. Ya sa hanci ya zunguri naman. Ya jira. Ya lashe shi sau ɗaya, a tausashe, ya sake zungura. Kyauta ta zo ta kwanta a gefen farantin, ta ɗora haɓarta a kai, tana wani siririn kuka da Angelina ba ta taɓa ji daga bakinta ba.

Sai Duna ya ɗaga ƙafar gaba ya ɗan taɓa naman, ya koma ya zauna yana kallonsa. Angelina ta ƙura masa ido. Ta san wannan taɓin. Haka yake tashin Azariya in barcin rana ya ɗauke shi.

Sun daɗe suna jira. Da suka ga abin bai motsa ba, Duna ya ɗaga kai sama ya saki kuka mai tsawo, har kajin maƙwabta suka watse. Sannan su biyun suka sunkuya, suka juya mata baya, suka fara ci. Ba hanzari, ba faɗa, kowa ya san gefensa.

Patrick ya sauke murya. "Mama, ba yau ne farkon su ba fa. Waye ya taɓa ba su?"

Angelina ta buɗe baki za ta ce babu kowa, sai ta gane. Ta dafa bango. Ashe duk watannin nan ba ta yi kuskure ba: Azariya ne ya ciyar da su, da abin da ya rage na jikinsa a dajin bayan numfashi ya bar shi.