Awa Ɗaya da Rabi Daga Ikko Zuwa Kano

Malam Garzali, ajiye wayar nan ka saurare ni. Ka ce ta nuna maka awa ɗaya da rabi jirgin sama yake yi daga Ikko zuwa Kano, don haka sai ranar bukin gidanku za ka tashi. Wayar ba ta yi maka ƙarya ba, amma tsaya in ba ka misali.

An yi wani mai fataucin shanu a Ikko, za a ɗaura wa 'yar marigayi wansa aure a ƙauyensu da ke bayan Kano, ranar Juma'a da an idar da salla. Shi ne waliyyi. Yarinyar ta aiko masa cewa ba ta da uba sai shi, kuma daga bakinsa take so a ji an ba da ita. Tun Laraba 'yan garinsu suka ce ya zo su bi mota, ya kwashe da dariya, wai shi ya wuce kwanan hanya. Ya ƙirga da yatsu: jirgi ya tashi ƙarfe goma, sha ɗaya da rabi yana Kano, har ma ya tsaya cin gurasa. Lissafin dokin Rano ke nan! A ranar kuwa, jirgin bai ɗaga ba sai sha ɗaya. Da ya ɗaga kuwa, awa ɗaya da rabin nan cif ya yi, ko minti bai ƙara ba. Mutumin naka ya leƙa ta taga, ya ga gari shimfiɗe a ƙasa, ya gyara hula, a ransa ya riga ya iso.

To, babbar rigar da ya ɗinka domin ranar tana cikin akwati, akwatin kuma sai da ya ci rabin awa kafin ya fito. Ya tari tasi, suka kutsa cikin gari. Shekarun da ya yi a kudu sun mantar da shi abin da kowa ya sani: ran Juma'a sahu har kan kwalta yake fitowa. 'Yan agaji sun gitta benci, tabarmi sun cika titi, kuma wa ya isa ya yi wa masallata ham? Nan ya bi salla, jikinsa a sahu, zuciyarsa a ƙauye. A can liman ya jira iya jira, dangin ango suka ce hanyarsu da nisa, dole wani maƙwabci ya tsaya a madadinsa aka shafa fatiha. Sa'ad da ya iso an raba goro, ana naɗe tabarmi. Ya shiga gida da rigarsa fes, amarya ta durƙusa ta ce, "Baffa, sannu da hanya." Sai hawaye suka zubo mata. Wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Saboda haka ka tashi tun jajibere, ka kwana cikin danginka. Jirgi filin jirgi yake kai mutum, ba ƙofar gida ba. Hausawa sun riga sun gama magana: hangen Dala ba shiga birni ba ne.