Ranar Da Ɗan Kokawa Ya Kwanta Don Kansa

Kai mai gudun asibiti don kada a ga kwanciyarka, matso ka ji misali.

An yi wani ɗan kokawa a wani gari na bakin gulbi, ƙato ne na gaske. Kaka goma sha ɗaya yana shiga fili, bayansa bai taɓa shan ƙasa ba. Sai ciwon kai ya kama shi, ba irin na kwana biyu ba. Mako uku ana abu ɗaya: zazzaɓi da yamma, amai ba dalili, wuya ya sandare, in an kira shi sai ya juyo da jiki duka. Ran nan ƙanwarsa ta kawo masa fura, ya ga ta zama biyu, ya rasa hannun wacce zai karɓa. Makaɗinsa ya rantse jifa ce daga abokan karawa. Aka yi ƙaho, aka yi turare, aka ƙara layu har damtse ya cika. Ciwo ko gezau.

Ƙanwar ta sa shi a mota sai babban asibiti. Likitar da ta fito 'yar tsurut ce, kanta bai kai ƙirjinsa ba. Ta haska idonsa, ta gwada lanƙwasa wuyan ya ƙi, ta ce tana zargin tarin fuka ne ya hau ƙwaƙwalwa. Ya ce shi ko tari ba ya yi. Ta ce wannan cuta ba a huhu kaɗai take zama ba. Za a ɗauki hoton kai, sannan ya kwanta ta gefe, gwiwa a ƙirji, ta ɗebi ruwan bayansa da allura a auna. Makaɗi ya yi tsalle: “Maigida, ai ƙarfin a nan yake! In ta zuƙe, wa zan yi wa kiɗa? A ce mace ta kwantar da kai?” Ɗan kokawa ya rufe ido ɗaya don ya gan shi guda, ya ce, “Mako uku wani yana murɗe min wuya ban ga fuskarsa ba. Ita ta ce za ta fito min da shi fili. Kai ban da kiɗa me ka iya? Riƙe min layun nan.” Ya hau gado ya dunƙule kamar jinjiri.

Gwaji ya nuna shi ɗin ne. Aka ɗora shi kan magani, ƙwayoyi cike da tafi kowace safiya, shekara guda cur, ba tsallake rana. Wata biyu kai ya saki, 'yan gari suka ce ai ya isa haka. Ya ce shi bai taɓa sakin abokin karawa don ya ga ya durƙusa ba, sai bayansa ya sha ƙasa. Makaɗi kuwa tuni ya koma bayan wani sabon ƙato, yana yi masa habaici da ganga.

Shekara ta cika, likita ta sallame shi. Ciwon ya tafi da jin kunnensa na hagu, bai dawo ba, amma ranar kokawar kaka da ƙafarsa ya zo fili, ya tsaya ƙyam, tsawon nan ko ɗan yatsa bai ragu ba. Makaɗi ya matso yana kame-kame. Ɗan kokawa ya juya masa kurman kunnen, ya ce, “Faɗa ta nan.”

Shi ya sa Hausawa suka ce, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka miƙe da tsawonka za ka miƙe.